Abin da Ya Kashe Tarwaɗar Nafi'u

Tun kafin ta ƙarasa bayan ɗaki Asibi ta san ba lafiya, domin ba ta ji hayaniyar da ta saba ji ba. Kullum da safe in ta nufo kwamin simintin nan da kwanon abinci, tarwaɗun sukan taso su cika saman ruwa, suna kaɗa jela suna wawaso, sai ka rantse ba a taɓa ba su ko ƙwaya ba. Ran nan ruwan kwance yake lamo. Da ta leƙa sai ta ga fararen cikkuna sun rufe shi daga wannan bango zuwa wancan, manya da ƙanana, bakuna a buɗe. Ta daɗe tsaye da kwano a hannu. Sai ta yi salati.

"Nahi'u! Taho ka gani!"

Ɗan nata ya fito yana saɓa riga. Ya tsaya kusa da ita ya leƙa. Can sai ya tuɓe takalmi ya shiga ruwan, ya riƙa ɗaga kifin ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa yana saki, wai ko akwai mai sauran numfashi. Babu ko guda. Matarsa Rahma ta biyo baya a hankali saboda nauyin ciki, ta dafa bango ta fashe da kuka.

Wanda bai san gidan ba cewa zai yi kifi ne kawai ya mutu, sai a sake wani. Asibi kuwa ta san abin da mutuwar kifin nan za ta jawo mata, shi ya sa ta koma gefe ta zauna a kan wata tsohuwar taya.

Su mutanen wani ɗan ƙauye ne a gefen Kurya Madaro. A can mutanen daji suka harbe mijinta Maccido yana tsakiyar noman farko, fartanya a hannu. Da kaka ta zo suka tare babban ɗanta Faruku a hanyar ɗauko dawa suka shige da shi, har yau ko takalminsa ba a gani ba. Ƙanenta Muhtari, direban da ke jigila tsakanin Kaura da Shinkafi, shi ya kwaso su ya ba su ɗakuna biyu a bayan gidansa a Kaura Namoda, da wani ɗan tsukin fili inda yake jibge tsofaffin tayoyi. Nafi'u ne ya rage mata, shi kaɗai.

Shi kuwa Nafi'u zaman gari bai karɓe shi ba. Dako yake yi a tasha, ya wuni yana sauke buhunan hatsin da wasu suka noma, ya dawo da abin da ba ya kai su gobe. Da zarar hadari ya haɗu sai ka gan shi ya yi shiru yana kallon sama kamar an kira sunansa. Bara da aka gama kaka ya faɗa mata ƙarara cewa damina mai zuwa gona zai koma. Wai an yi sulhu, wai waɗanda suka koma suna noma lafiya, in dai mutum ya ba da abin da aka yanka masa kuma ya fara yi wa mutanen daji nasu aikin. Asibi ta sha jin labarin sulhun nan. Ta kuma sha zuwa gaisuwar mutuwar waɗanda suka yarda da shi.

Ita ta kawo maganar kifi. A wani gida ta gani, inda take zuwa surfe, ta dawo ta matsa masa lamba safe da yamma har ya gaji. Manomi ɗan manomi, wanda bai taɓa kiwon abin da ba shi da ƙafa ba, ya sayar da babur ɗinsa, abu na ƙarshe da suka fito da shi daga ƙauye, ya gina kwami a ƙarƙashin dogonyaron da ke bayan ɗaki. Muhtari ya taho masa da 'ya'yan tarwaɗa daga Gusau a cikin jarka. Ranar da aka zuba su ta sa ya yi mata alkawari a gaban kawunsa: in kifin nan ya kai kasuwa, ba sauran maganar gona. Ya ce ya yarda. Ga mamakinta kuma ya kama abin hannu bibbiyu. Ya gitta gora a saman kwamin saboda shirwa, yana sauya ruwa a kan kari ya zuba tsohon a gindin zogale da yakuwa da tattasai, har wurin tayoyin nan ya koma ɗan lambu. Kifi ya yi ƙiba. Wata mai bandar kifi daga kasuwa ta zo ta duba, ta ce a ƙara masa 'yan makonni za ta kwashe duka. Sai ga ruwan shuka ya sauka jiya da la'asar, yau kuma ga abin da gari ya waye da shi.

Kafin hantsi bayan ɗakin ya cika. Ka san mutanenmu, ba a raba su da sanin dalilin mutuwa, ta mutum ce ko ta dabba. Muhtari ya ce tsawa ce, ya taɓa ji a bakin wani fasinja cewa kifin kwami ba ya jure tsawa. Matarsa ta ce baki ne, tun ranar da mai banda ta yaba ba ta ce tubarkalla ba ita ta san za a yi haka. Wani ya ce ruwan sama ne ya gamu da na burtsatse, ba sa shiri. Wata tsohuwa kuwa ba bayani ta kawo ba, kwano ta kawo a ƙarƙashin hijabi, ta ce ai mushen kifi halal ne, in ba su so a sam mata. Nafi'u ya hana. Ya ce bai san abin da ya kashe su ba, ba zai ba ɗan wani ya ci ba. Ya ɗauki shebur ya haƙa rami a ƙarshen lambun, ya riƙa kwasowa da kwando yana zubawa. Asibi ta juya baya, kallon ya fi ƙarfinta.

Sai da mutane suka watse ya faɗi abin da ke ransa.

"Inna, Mudi na."

Mudi maƙwabcinsu ne ta bayan katanga, dillalin awaki. Sun sha cacar baki da Nafi'u a kan ruwan kifi da ke jiƙa masa gindin gini, har ya taɓa cewa 'yan gudun hijira sun zo sun ishi mutane da ƙarni.

"Ka gan shi da idonka?" in ji Asibi.

"Sai na gan shi? Wa ka jin haushin kihin ga in ba shi ba? Fiya-fiya ya watso ta bisa katanga, wallahi. Bari in gama wanga aiki, yau sai ya san ni."

"Ba ka zuwa ko'ina. Ka ji ni ko ba ka ji ba?"

Ya ci gaba da tura ƙasa yana huci. Da ya rufe ramin ya wanke hannu ya fice zuwa tasha, domin ko kifi ya mutu tukunya tana jira.

Ba tausayin Mudi ne ya sa Asibi ta tsawata masa ba, ita ma ba ta ƙaunar mutumin. Tunaninta yana wani wuri. In tsawa ce, ko baki, ko ruwan garin ne bai karɓi kifi ba, ko maƙwabci ne mai mugun nufi wanda gobe zai ƙara, to magana ta ƙare, ba ta da bakin cewa a sake gwadawa. Amma in wani abu ne da hannun mutum zai iya gyarawa, tana da abin da za ta riƙe ɗanta da shi. Don haka ta ɗaure zuciya ta koma bakin kwamin.

Ta ɗebo ruwan a tafin hannu ta shinshina. Ƙarnin kifi ne kawai. Fiya-fiya kuwa, maganin sauron nan na kwalba, ko ɗigo aka zuba a ɗaki sai ya kori mutum waje, balle wanda zai kashe kwami guda. Ta sa hijabi ta zagaya gidan Mudi da sunan aron rariya. Matarsa Zuhura ta tare ta da jaje har da ƙwalla, ta ce maigidan tun shekaranjiya yana Shinkafi da awaki, ya kwana can saboda yanzu ba mai bin hanyar nan in la'asar ta yi. Asibi ta fito da rariyar da ba ta da buƙata, tana jin kunyar kanta.

Da ta dawo ne ta ji wani ɗan motsi a bayan tattasai. Wata tsohuwar robar wanki ce da Nafi'u ya ware kifi biyu a ciki, ƙanana, waɗanda manyan suka cije wa jela. Cikin ruɗani kowa ya manta da su. Ga su nan da ransu, suna zagaya robar suna neman abinci. Asibi ta tsuguna a kansu. Ruwan da ke robar nan daga kurar mai ruwa ɗaya aka juye shi da na kwami. Abinci ɗaya suke ci, da hannunta take ba su. Robar a buɗe take, ruwan sama ya faɗa mata har ta tumbatsa. Tsawar da manya suka ji su ma sun ji ta. In kuma baki ne, ai mai banda ta gan su, har ta yi musu dariya. Ke nan akwai abin da ya shiga kwami bai shiga robar ba.

Ta bi bakin kwamin a hankali tana dubawa. Ƙananan ƙwarin nan da ke yawo a saman ruwa duk sun mutu, sun taru a kusurwa. A jikin wata gora, inda ta tsage, ta ga wani ɗan zare fari ya maƙale, mai santsi, ba irin na zane ba. Ta ciro shi ta murza a yatsa, ba ta gane shi ba.

Rahma tana zaune a ƙofar ɗaki tana tankaɗe. Ta yi tankaɗe kaɗan ta ajiye ta sosa hannu, ta ƙara ta ajiye ta murza fuska. Da farko Asibi ta ɗauka kuka ne ya jajanta mata ido.

"Mi ya samu hannunki?"

"Tun jiya shina yi mani zahi, Inna, kamar na daka tonka. Har huska."

"Mi kinka taɓa?"

"Ba komi. Gidan sabron da anka ba mu wurin awo ɗai na matse."

Asibi ta zauna a kan turmi. "Wane gidan sabro?"

Yarinyar ta ba ta labari tana ci gaba da tankaɗenta, ko a jikinta. Jiya da Asibi ta tafi surfe ita kuma ta je awon ciki, aka raba wa masu juna biyu sabon gidan sauro. Malamar asibiti ta ja musu kunne cewa kada wadda ta kwana a ciki ranar da ta buɗe shi, a shanya shi a inuwa ya sha iska tukuna, kada rana ta taɓa shi.

"Inuwa kau ina muke da ita gidan ga in ba ƙarƙashin icce ba? Sai na shimhiɗa shi bisa gora. Na ɗan kishingiɗa, kwana ya ɗauke ni. Iska ta tashe ni, na ruga kwasar itace da gari. Kahin in tuna da shi ruwa ya buge shi, tsakiyarshi ta nutse ciki. Sai na jawo na matse."

"Ina kinka matse shi?"

"Cikin kwami mana. Ba ke kinka ce ko ɗigo kada a zubar ƙasa ba?"

Haka ne, ita ta faɗa, kuma ba sau ɗaya ba. A ƙauye ruwa na gulbi ne, ka ɗiba ka zubar ba mai tambayarka. A nan kowace jarka saye ake yi, sai Asibi ta kafa doka mai tsanani a gidan: ruwan wankin hatsi na yakuwa ne, na alwala na zogale ne, mai tsabta kuwa duk inda ya fito kwami zai koma. Ta sha yi wa Rahma faɗa a kan rabin moɗa. Yarinyar ta ji magana, ba ta ƙetare ko ɗaya daga abin da manya suka ce mata ba.

Ta ce a ɗauko mata gidan sauron. Rahma ta fito da shi daga ɗaki, da sauran danshinsa. Zaren da ke hannun Asibi irinsa ne, ga ma gurbin da ya tsage. Ta tuna shekarun baya da aka raba irinsa a ƙauye, yadda suka wayi gari suka tarar da ƙudaje da kyankyasai a mace a kan tabarma, har Maccido yana cewa wannan ba raga ba ce, maharbi ne. Amma sauro daban, tarwaɗa mai kaurin damtse daban. In ta tari Nafi'u da zato, da zato zai amsa mata. Tana buƙatar abin da za ta aza a gabansa ya gani.

Ta ɗauko bokiti ta zuba ruwa mai kyau daga randa. Ta koma wurin robar ta tsaya. Su biyu ke nan suka rage daga babur guda. Ta miƙa hannu ta janye, ta sake miƙawa. A ƙarshe ta kama ƙaramin, wanda jelarsa ta fi ciwo, tana ba shi haƙuri a zuci kamar mutum, ta saka shi a bokitin. Ta tsoma gefen gidan sauron ta dama, ta matse, ta ƙara tsomawa ta matse.

"Inna, mi kike yi?"

"Zamna ki gani."

Suka zauna su biyu suna kallon bokiti. Da farko ba abin da ya faru, kifin yana ta zagayensa. Asibi ta rasa abin da take roƙo, ya mutu ko ya rayu. An jima sai ya fara gudu ba kan gado, yana dukan bangon bokitin da kai, ya taso sama ya buɗe baki, ya nutse, ya taso a karkace. Ya yi ta birgima har ƙarfinsa ya ƙare. Kafin a kira azahar cikinsa ya dubi sama, fari fat, irin na 'yan uwansa.

Rahma ta ɗora hannu biyu a ka.

"Inna, ni na kashe su. Wayyo Allah, ni na kashe su."

"Ruhe mani baki. An ce ki shanya inuwa, kin shanya. Na ce ki matse kwami, kin matse. Wa ya taɓa gaya maki? Ni da na girme ki na sani?"

"Da wane ido zan dube shi?"

"Ni ka hwaɗa mashi. Je ki wanke hannun nan da sabulu."

Abin kunya ne a faɗa, amma a wannan lokacin daɗi Asibi ta ji, daɗin da rabonta da shi tun suna ƙauye. Ga surukarta tana kuka, ga mushe a bokiti, ita kuwa zuciyarta ta yi sakayau. Ba tsawa ba ce, ba garin ba ne, ba Mudi ba ne. Kuskure ne irin wanda ba a yi sau biyu. Ta wuni tana shirya maganar da za ta gaya masa, ta yi ta juya ta tana gyarawa, har ta ɗebi toka ta fara goge bangon kwamin tun kafin a ce mata za a sake.

Bayan la'asar Nafi'u ya dawo. Tun daga ƙofa ta ga ɗan buhu a kafaɗarsa, da bakin sabuwar fartanya ya leƙo ta sama. Ta yi kamar ba ta gani ba. Ta jawo shi bayan ɗaki, ta nuna masa robar, ta nuna masa zaren, ta nuna masa bokitin, tana magana da sauri kamar wadda ake kora. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon ɗan kifin. Sai ya yi wata 'yar dariya wadda ba daɗi a cikinta.

"Gidan sabro," in ji shi. "Gidan sabro, Inna."

Rahma tana durƙushe a bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Asibi ta shirya tare faɗa, ta san zuciyar ɗanta. Amma da ya waiwaya ya ga matarsa sai ya ce, "Tashi, ba ki yi komi ba. Tashi, kada ki danne cikin. Hannun ya daina zahi?" Ta gyaɗa kai. Wannan sanyin nasa ya fi tsorata Asibi a kan duk faɗan da zai yi.

"Da ma Mudi na," ya ce a hankali. "Da na samu wanda zan kama."

"To ka dai gani. Ba ruwa ba na, ba hannunka ba na. Kiwonka ya yi kyau, kowa ya shaida. A wanke kwami a sake zubawa, wanga karon mun san abin da za mu kiyaye."

"Da mi, Inna?"

"Allah shina nan."

"Shina nan. Amma babur guda gare ni, kuma ga shi can cikin rami." Ya nuna ƙarshen lambu da haɓa. "Ko yau anka ba ni iri kyauta, abincinsu hwa? Ko an ba ni abincin, sai bayan kaka su kai. Rahma kau za ta haihu kahin nan. Mi za mu ci tsakani? Dako? Yau tun sahe mota biyu ta shigo da kaya, mu kau mun hi ashirin muna jira."

"Kawunka zai taimaka."

"Ki tambaye shi." Ya miƙe tsaye. "Ƙasa ta jiƙa, Inna. Waɗanda za su koma gobe za su tahi. In anka wuce satin ga ba a yi shibka ba, shekara ta wuce." Ya dubi robar da kifi ɗaya ya rage a ciki. "Wancan a dahwa ma Rahma, ta daɗe tana kwaɗayinshi."

Asibi ta tambayi Muhtari, a zaure, bayan ya dawo daga hanya. Ya saurare ta har ta gama yana wasa da makullin mota. Ya ce, "Yaya, wallahi da ina da shi ba sai kin tambaya ba. Mutane sun bar tahiya. Rabin kujeru wohi nike zuwa, wohi nike dawowa." Bai ɗago ido ya dube ta ba, ita ma ba ta tilasta masa ba. Mutumin da ya ɗauki bakuna uku ya ƙara a kan nasa, ba a yi masa gori. Ta aika wa mai banda ko za ta ba da wani abu a kan kifin gaba. Amsa ta dawo cewa Allah ya mayar da alheri.

Washegari bayan an idar da sallar asuba gari ya yi haske, Muhtari ya tayar da mota a ƙofar gida, zai rage wa masu komawa hanya. Asibi tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta da carbi. Nafi'u ya fito da ɗan buhunsa ya ajiye, ya zo ya durƙusa a gabanta.

"Inna, alkawalin da na yi maki, in kihi ya kai kasuwa na. Bai kai ba. Amma duk da haka, in kin ce kada in tahi, ba ni tahiya. Ba ni ƙetare maganarki, kin sani."

Ta sani. Tun bara take neman jin wannan daga bakinsa, ga shi ya miƙo mata ba ta roƙa ba. Kalma ɗaya ce, tana kan harshenta. In ta faɗe ta zai mayar da buhun ɗaki ya tafi tasha, ba zai ko ɗaure mata fuska ba. Ta dubi Rahma da ke tsaye a jikin ƙyaure, hannu a ƙarƙashin ciki, wuyanta ya rame har ƙasusuwa sun fito. Ta tuna buhun masarar da ita da kanta ta kakkaɓe ɗazu don a samu na koko. Ta yi ta neman abin da za ta ce masa ya zauna ya ci, ta laluba ko'ina a ranta ba ta samu ba. Tsoro ya cika ta, ga shi kuma ba ta da abin da za ta ba shi a madadin gonar. Mota tana ta ƙugi a waje.

"Ka hwara da gonar bakin hanya," in ji ta. "Kada ka taɓa ta ubanka, ta yi kusa da daji."

Ya sunkuyar da kai. "To, Inna. Ki yahe mani."

"Ba ka yi mani komi ba. Tashi, suna jiranka. Allah shi tsare."

Ya tashi ya saɓa buhun. Rahma ta bi shi har zaure. Asibi ba ta raka shi ba. Ta zauna a inda take, carbin a hannunta ba ta ja, har ƙarar motar ta ɓace. Da rana ta ɗan ɗaga ta sa hijabi ta nufi gidan da take surfe.